Sawun Kurata: Rayuwa Tsakanin Palladan da Barikin Chindit

Kaki ba baƙo ba ne a Palladan. Unguwar tana kan titin Sakkwato, tsakanin Kwangila da Samaru, ga barikin Basawa kusa da ita, inda makarantar 'yan sandan soja take, ga kuma barikin Chindit can wajen Sabon Gari. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964 ce ta fi fito da sunan unguwar, amma mai shayi da ɗan acaɓa da tela sun san soja ma abokin ciniki ne, kuma gidajen haya da dama sun ga iyalan soja sun zo sun tafi.

A Chindit ɗin nan Defo yake, wato cibiyar horar da kuratan sojan ƙasa, wadda aka kafa tun 1924. Nan ake kawo saurayi daga Sakkwato ko Kalaba ko Ogbomosho, a aske masa kai, a ba shi kaki da lamba, a damƙa shi hannun saja na kimanin wata shida. Kafin ya san bindiga da kyau, sai ya san filin fareti.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka fareti ado ne kawai, a buga ƙafa, a wurga hannu, a ƙame. Ba haka ba ne. Umarnin ma kashi biyu ake yinsa: saja ya ja kalmar farko da tsawo domin kowa ya shirya, sannan ya yanke ta ƙarshe da tsawa, a kanta kuma ake motsawa. Wanda ya riga tsawar ya yi laifi, wanda ya makara ma ya yi laifi, kuma sau da yawa layin gaba ɗaya ke shan hukuncin mutum guda. A haka kurtu yake gane cewa gangancinsa na iya jawo wa na kusa da shi wahala. Yau tsallen kwaɗo ne a rana, gobe a daji rai ne.

Ni abin da ya fi burge ni a fareti shi ne koyon tsayawa. Matashi mai jini a jika ya ƙame, ƙuda na yawo a fuskarsa, gumi na shiga idonsa, bai motsa ba sai an ce ya motsa. Wanda ya iya wannan ne ake sa ran zai riƙe yatsansa daga kunamar bindiga a shingen bincike, ko da direba ya ɓata masa rai. Mu fararen hula mun fi kowa cin moriyar wannan horon.

Aikin soja ya daɗe a ƙasar nan. Tun rundunar da wani Bature mai suna Glover ya haɗa a Legas a 1863 Hausawa ke cikin kaki, har Hausa ta zama harshen bariki na shekaru masu yawa. Sunan Chindit kansa daga Bama ya zo, inda bataliyoyin Najeriya suka yi yaƙi a dazuzzuka cikin rundunar Janar Wingate mai wannan suna a 1944. Shekara goma bayan haka, a 1954, aka buɗe makarantar soja ta yara a Zariya, inda ɗalibi ke haɗa darasin aji da fareti.

Ranar yaye kurata kuwa gari kan cika. Iyaye su sauka a tasha da ƙullin kaya, masu hoto su yi ciniki, badujala ta kaɗa, dubban ƙafafu su sauka ƙasa kamar taɓarya guda. Uwa na leƙen ɗanta a cikin layi ta kasa gane shi.

Gaskiya ne fareti kaɗai ba ya korar 'yan bindiga daga dajin Birnin Gwari ko Zamfara. Shi ya sa ake haɗa shi da harbi da dabarun daji. Amma yaron da ya ba da wata shida yana koyon biyayya ya cika nasa alkawarin. Saura na hukuma: ta ba shi makami mai kyau, ta biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, ta kula da iyalinsa idan ya faɗi a bakin daga.