Maido da Fayilolin da Suka Ɓace: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Manomi mai lura ba ya rufe rumbunsa da kaka ya juya masa baya har bazara. Yakan leƙa a kai a kai, ya ga ko gara ta shiga. Haka ajiyar bayanai take a kwamfuta: ba a sanin amfaninta sai ranar da aka zo ɗiba, kuma a ranar ce mutane da yawa ke tarar da ƙaiƙayi.

A shekarar 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, aka ba kwamfuta umarnin sharewa bisa kuskure, kusan kashi 90 cikin 100 na fayilolin fim ɗin suka salwanta. Da aka koma ga ajiyar ko-ta-kwana, sai aka tarar ita ma ba ta cika ba. Abin da ya ceci aikin shi ne kwafin da wata jami'ar kamfanin, Galyn Susman, take da shi a kwamfutarta ta gida, domin a lokacin tana aiki daga gida saboda jego. Ashe ke nan yin ajiya rabin aiki ne, sauran rabin shi ne iya maidowa.

Yadda manhajar ajiya ke aiki

Manhajojin ajiya suna da yawa. Akwai Time Machine da kamfanin Apple ya fitar a 2007, da File History da ya zo da Windows 8 a 2012, da kuma Déjà Dup na masu amfani da Linux. Dabararsu kusan ɗaya ce. A karon farko manhajar takan kwafe duk abin da aka umarce ta zuwa wani faifai na dabam, daga nan kuma sai ta riƙa ɗaukar abin da ya canja kawai. Saboda haka fayil guda yakan kasance da kwafi da dama, kowanne da ranarsa. Alal misali, Time Machine takan riƙe kwafin kowace awa na tsawon awa 24, da na kowace rana na tsawon wata guda, sannan na kowane mako har faifan ya cika.

Matakan maidowa

Na farko, a dakata. Idan aka share fayil, kwamfuta takan cire sunansa ne daga jerin sunaye, ta ayyana gurbinsa a matsayin fili. Duk wani sabon abu da aka adana yana iya hawa kan wannan gurbi. Don haka a fara duba kwandon shara na kwamfutar, a kuma daina adana sababbin abubuwa har a gama.

Na biyu, a zaɓi ranar da ta dace. Kwafin ƙarshe ba lallai ne shi ne mai kyau ba. Idan fayil ya lalace ranar Talata, ba a lura ba sai Juma'a, to kwafin Laraba da na Alhamis su ma lalatattu ne. Na Litinin za a nema.

Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, kada a maido da fayil a kan gurbinsa na asali. A buɗe sabuwar folda a zuba shi ciki. Mu ɗauka wani malami ya rasa makin jarrabawar aji ɗaya, sai ya maido da dukkan foldar makin ta makonni biyu da suka wuce a kan ta yanzu. Ya sami abin da ya ɓata, amma tsofaffin fayiloli sun danne makin da ya shigar wa sauran azuzuwa a waɗannan makonni. Duk sa'ad da manhaja ta tambaya ko a maye gurbin fayil, a zaɓi a bar duka biyun.

Na huɗu, idan cutar kwamfuta ce ta yi ɓarnar, musamman irin wadda ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, kamar WannaCry da ta bazu a ƙasashe fiye da 150 a watan Mayu na 2017, kada a jona faifan ajiya a jikin kwamfutar sai an tsabtace ta. In ba haka ba, cutar za ta kulle ajiyar ita ma.

Na biyar, a tabbata batir ya cika kafin a fara, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki takan bar fayil a guntule. Bayan an gama, a buɗe fayilolin a karanta. Ganin suna kawai ba shaida ba ce.

Sai kuma batun kalmar sirri. Idan an kulle ajiya da ita, aka kuma manta, ko waɗanda suka ƙirƙiri manhajar ba za su iya buɗewa ba. A rubuta ta a takarda, a adana nesa da kwamfutar.

Kammalawa

Masana sukan ba da shawarar bin ƙa'idar 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yayata: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri na dabam, don gudun gobara ko sata. Muna kira ga malamai da ɗalibai su yi gwaji a wannan mako: a zaɓi fayil ɗaya, a maido da shi cikin sabuwar folda, a kwatanta shi da na asali. Idan sun dace, rumbu na nan lafiya. Idan kuwa ba su dace ba, gara a gane yau da a gane ana gobe jarrabawa.