Me ya sa ba a kashe wutar asansi da ruwa?

Jama'a masu saurarenmu a Dakoro da ƙauyuka, da 'yan uwa da ke ƙetare, ku saurari wannan da kyau, musamman masu sayar da asansi a kwalba bakin hanya. In mai ya kama wuta aka sheƙa masa ruwa, man ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya hau samansa ya bi shi yana ci, har ya kai rumfar maƙwabci.

Wani injiniyan sinadarai na Rasha, Aleksandr Loran, malamin makaranta a Baku, garin rijiyoyin mai, shi ya samo maganin a 1902: kumfa. Ita takan zauna saman mai ta rufe shi kamar bargo, iska ba ta shiga, wuta ta mutu. Amma fa ba kowace kumfa ba. In ta cika ruwa-ruwa ta fashe nan take, in ta yi kauri ta ƙi bazuwa. Har yau injiniyoyi kan wannan awon suke aiki.

Mu da motar 'yan kwana-kwana ke yi wa nisa, yashi muke da shi, Alhamdulillahi. A aje bokiti cike kusa da teburin kwalabe.