Mene ne "sake gina ƙungiya" a wasan besbol na Amurka?

Sake gina ƙungiya shi ne ƙungiyar da ta kasa kataɓus ta rabu da manyan 'yan wasanta masu tsada, ta karɓo matasa a madadinsu, ta haƙura da neman kofi na wasu shekaru.

Tsarin gasar MLB, mai ƙungiyoyi 30, shi ya buɗe wannan ƙofa. Ba a mayar da ƙungiya ƙaramin rukuni komai lalacewarta, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ke kan gaba wajen zaɓen sabbin matasa kowace shekara. Sai dai daga zaɓen 2023, ƙuri'a ce ke raba gurabe shida na farko, don rage faɗuwar ganganci.

A lokacin sake gina ƙungiyarta, Houston Astros ta sha kashi fiye da sau 100 cikin wasanni 162 a kowace kaka daga 2011 zuwa 2013, sannan ta ɗauki kofi a 2017. Chicago White Sox kuwa ta fara nata a ƙarshen 2016, amma a 2024 ta faɗi wasanni 121.

Magoya baya ne ke ɗanɗana kuɗarsu: suna sayen tikiti, masu ƙungiya na rage kuɗin albashi. Ƙorafin magoya bayan yana da hujja, domin babu wanda ke ba su tabbacin ranar da haƙurin zai ƙare.