Itatuwan Bakin Kogin Epte

A shekarar 1891, wani mai zane Bafaranshe, Claude Monet, wanda ya tare a ƙauyen Giverny tun 1883, ya ɗora ido a kan jerin wasu dogayen itatuwa sirara da ake kira fofla, waɗanda suka bi gaɓar Kogin Epte kusa da Limetz, sai ya riƙa shiga kwalekwalensa da alluna da fenti yana zana su, tun lokacin zafi har ganye ya soma ja. Ana cikin haka hukumar Limetz ta sa itatuwan a gwanjo. Da ya ga aikinsa zai yanke, sai ya haɗa kai da wani mai fataucin katako, ya cika masa kuɗi bisa sharaɗin kada gatari ya taɓa su sai ya kammala. Zane fiye da 20 ya fitar, an kuma baje 15 a Faris a 1892.

Wanda ya matsa kusa da ɗayansu, kamar wanda ake kira Itatuwa Huɗu da ke gidan adana zane na Metropolitan a New York, ba zai ga kome ba illa ɗigo-ɗigon shuɗi da ruwan hoda da ruwan ɗorawa, har ya yi zaton mai zanen gaggawa ya yi, alhali kuwa da zai ja da baya taku biyar, ya natsu, ya bar idonsa ya gauraya launukan da kansa, da ya ga kututture huɗu sun miƙe cikin inuwa, surarsu ta nutse a ruwa har iyakar gaɓa ta kusa ɓacewa, can baya kuma wani jerin yana wanka cikin hasken rana.

A nawa nazarin, maƙasudin Monet shi ne hasken, itatuwan kuwa mazauninsa ne kawai. Ya fahimci cewa launin ganye da hantsi daban yake da launinsa bayan la'asar, kuma inuwa, wadda muke ɗauka baƙa ce, a haƙiƙa tana ɗauke da shuɗi da shanshanbale. Shi ya sa yake tafiya da alluna da yawa, da zarar haske ya juya ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Duk wanda ya taɓa zama gindin itace yana tadabburin yadda yamma ke sauya kamannin gona, ya san abin da mutumin nan yake bi. Da ya gama, aka sare itatuwan.