FETUR A CIKIN RIJIYA: HAƊARIN DA KE KWANCE ƘARƘASHIN GIDAJEN MAI

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mazauna unguwar Baruwa da ke Ipaja, cikin Ƙaramar Hukumar Alimosho a Jihar Ikko, sun ga gaskiyar wannan magana tun tsakiyar shekarun 1990, sa'ad da suka fara zura guga a rijiyoyinsu suna jawo ruwa mai warin fetur. Man ya tsiyayo ne daga bututun gwamnati da ya ratsa yankin, ya nutse cikin ƙasa har ya tarar da ruwan da jama'a ke sha. Rijiyoyi da yawa aka rufe, mutanen da ke da ruwa a tsakar gida suka koma saye.

To, ba bututu kaɗai ke wannan ɓarna ba. Kowane gidan mai da mai karatu ya sani yana da manyan tankuna na ƙarfe binne a ƙarƙashin dandamalinsa, inda tanka ke juye fetur da kananzir da gas. Ƙarfe kuwa ba ya shiri da laima. A nan Kurmi ruwan sama ya yawaita, ƙasa ba ta rabuwa da danshi, ga gishirin teku a garuruwan gaɓa irin su Ikko da Fatakwal, saboda haka tsatsa kan ci tanki da mahaɗin bututunsa da sauri fiye da yadda take yi a busasshiyar ƙasar Arewa. Da zarar ƙofa kamar ta allura ta ɓulle, sai yoyo ya kama, babu mai gani. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, in aka lissafa, ya haura lita 1,500 a shekara.

Fetur bai kai ruwa nauyi ba. In ya gangara ya iske ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ya kwanta a samansa, ya riƙa bin sa duk inda ya nufa, har rijiyar maƙwabta. Wani sashe nasa kuma yana narkewa a ciki, musamman wani sinadari da ake kira benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa sankarar jini ga wanda ya daɗe yana sha ko shaƙarsa.

A shekarar 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton bincikenta a ƙasar Ogoni, Jihar Ribas. A Nisisioken Ogale, kusa da wani bututun Kamfanin Mai na Ƙasa, masu binciken sun sami tataccen mai mai kaurin santimita 8, wato wajen inci uku, yana yawo a kan ruwan da ke shiga rijiyoyi. Benzin da ke cikin ruwan shan mutanen ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita fiye da sau 900. Can Amurka ma, inda aka tabbatar da yoyon tankuna sama da 500,000, sai da gwamnati ta kafa doka a 1988 ta ba masu gidajen mai shekara goma su gyara tsofaffin tankunansu, ko su sake su, ko su rufe.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai da gaske. A Agege da Idi-Araba da Mile 12, da Sabo ta Badun da ta Shagamu, galibin masu tura kurar ruwa 'yan uwanmu ne, haka kuma da yawa daga masu haƙar rijiya da yasarta. Mai ga-ruwa da ya ɗebo gurɓataccen ruwa shi zai fara sha da iyalinsa, sa'an nan ya rasa amanar masu saye. Mai yasa kuwa haɗarinsa ya fi, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, a gindin rijiya yake taruwa. Yana iya shaƙe mutum, ashana ɗaya ko fitilar ƙwai kuma ta isa ta tayar da gobara.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Ruwan kan yi warin mai, a ga maiƙo mai launin bakan gizo a samansa, wani lokaci ya sa ƙaiƙayin jiki bayan wanka. Alif ba ya raba shi da wannan guba, tacewa da ƙyalle ma haka. Tafasawa kuwa sai dai ta tura gubar cikin iskar ɗakin da ake shaƙa. Abin yi shi ne a daina sha da girki da shi nan take, a rufe rijiyar, a hana kusantarta da wuta.

Bayan haka sai a sanar da Sarkin Hausawa da shugabannin unguwa, su kai kuka a rubuce ga ma'aikatar muhalli ta jiha, da hukumar NOSDRA wadda aka kafa a 2006 don lura da malalar mai, da kuma NMDPRA wadda ta karɓi aikin sa ido kan gidajen mai bayan dokar man fetur ta 2021. Kukan jama'a a dunƙule ya fi na mutum ɗaya saurin isa kunnen hukuma.

Wanda kuma zai haƙa sabuwar rijiya, ko zai kama haya, ya dubi nisan wurin da gidan mai, da garejin makanikai, da hanyar bututu, ya kuma sansana ruwan maƙwabta kafin ya biya kuɗi. Man da ya shiga ƙasa yakan shekara da shekaru bai fita ba. Allah Ya kiyashe mu, amin.