Idan Wasan Ƙwallo Ya Kai Yaro Caji Ofis

'Yan'uwa manoma, bayan girbi samarinmu kan shirya wasan ƙwallo tsakanin ƙauye da ƙauye. Abu ne mai kyau. Amma wani lokaci gardamar ƙwallo ɗaya takan zama jifa da sanda, a fasa wa wani kai, kashegari 'yan sanda su zo kame. Daga nan sai uba ya ruɗe, ya sayar da hatsin gida ko akuya don ya fid da ɗansa. Sanin doka zai rage wannan hasara.

Tun 1960 ƙasar Arewa tana da dokarta ta bin shari'ar laifuffuka. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta yi sabuwa, jihohi kuma suka bi da nasu: Kaduna a 2017, Kano a 2019. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ƙara ƙarfafa wasu sassan. Ga abin da ya kamata ku riƙe.

Na ɗaya, ba a kama wani a madadin wani. In yaro ya gudu, ba a tsare ubansa ko uwarsa ko wansa don ya fito.

Na biyu, wanda aka kama yana da ikon ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a faɗa masa dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Kada ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba. Dukan mutum don ya amsa laifi shi ma laifi ne a dokar hana azabtarwa ta 2017.

Na uku, tsarin mulki na 1999 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40. In babu, kwana biyu. Wannan bai shafi laifin da hukuncinsa kisa ne ba.

Na huɗu, beli a caji ofis kyauta ne. Mai tsaya wa yaro hannu kawai zai sa, ya yi alkawarin kawo shi ranar da ake nemansa. Mace ma tana iya tsayawa, doka ta hana a ƙi ta don ita mace ce. Amma ku sani, in yaron ya ɓace, kotu za ta iya neman kuɗin da aka rubuta daga wurin mai belin.

Na biyar, bashi tsakanin mutum da mutum ba aikin 'yan sanda ba ne. Wanda ya kasa biyan bashin taki, kotu za a kai shi ƙara, ba a kulle shi.

Wannan duka ba ya wanke mai laifi. Wanda ya ji wa wani ciwo zai amsa a gaban alƙali. Saboda haka kowace ƙungiya ta zaɓi dattawa biyu, namiji da mace, masu raka iyaye caji ofis cikin ladabi, su rubuta rana da lokacin da aka yi kamen. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin hukumar ba da lauya kyauta, wadda gwamnati ta kafa a 1976. Ranar wasa kuwa, dattawan ƙauyukan biyu su zauna a bakin fili har a tashi.