Pierre Boulle, hafsan da ya rubuta labarin fursunonin kogin Kwai

Mutane da yawa sun san fim ɗin gadar kogin Kwai na 1957, amma ba su san cewa tsohon hafsan sojan Faransa ne ya rubuta littafin da aka ɗauko shi ba. Sunansa Pierre Boulle, haifaffen Avignon a 1912, injiniya a gonakin roba na Malesiya kafin yaƙin duniya na biyu.

A 1941 ya bi ɓangaren Janar de Gaulle. Da ya yi ƙoƙarin shiga Indoshin a ɓoye ta ruwa, ƙasar da Seyni Kountché ɗan Fandou ya yi aikin soja daga baya, sai aka cafke shi. Kuma ba Japanawa suka kama shi ba. 'Yan ƙasarsa ne, masu biyayya ga gwamnatin Vichy, suka yanke masa ɗaurin rai da rai da aiki mai tsanani. Ya tsere daga gidan kaso a 1944.

Littafin, Le Pont de la rivière Kwaï, ya fito a 1952. Yana magana kan fursunonin yaƙin da Japan ta tilasta wa shimfiɗa layin dogo mai kilomita 415 tsakanin Tailan da Bama, inda fiye da 12,000 daga cikinsu suka mutu, ban da dubun-dubatar leburori 'yan Asiya da ba a cika ambata ba. Jigon labarin shi ne Kanar Nicholson, Baturen Ingila da son bin doka da girman kai suka kai shi ga gina wa abokan gaba gada mai inganci.

Tsofaffin fursunonin Ingila sun ji haushi, domin babban hafsan da ya riƙe su a wurin, Philip Toosey, bai yi haka ba. Suna da gaskiya. Boulle bai taɓa zaman wannan sansanin ba. Ya ce halin Nicholson daga wasu hafsoshin Faransa da ya sani ya samo shi.

Irin wannan biyayyar ta shafi sojojin Afirka ma. Waɗanda Jamus ta kama a 1940 an tsare su cikin Faransa, kuma daga 1943 hafsoshin Faransa ne suka karɓi gadin wasunsu a madadin Jamusawa.